Amon Aro: Shin Kwaikwayon Sauti Ƙarya Ne?

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan karin magana shi ne abin da dattawa da dama ke jefa wa samarin da ke haɗa kiɗa da kwamfuta, wadda mu a nan muka fi kira ordinater. A yau, a Birni ko Zango ko Garin Malam, yaro mai gitar ɗaya ta gwanjo da ƴar kwamfutar tafi-da-gidanka yana iya fitar da amon wani amfili da aka ƙera a Ingila shekara sittin da suka wuce, alhali kuwa bai taɓa ganinsa da ido ba. Yana iya ɗaga sauti ya sauke shi, ya kusanto da shi ya nisantar, ba tare da hannunsa ya taɓa maɓalli ba a lokacin da kiɗan ke tafiya. Dattijo ya ji ya ce ƙarya ce. Yaro ya ce zamani ne. Mu kuwa malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, mu ne ake kira alƙalancin gasar waƙa, mu ne ake tambaya abin da ya cancanci a adana wa na baya. Saboda haka ba mu da damar ɗaga kafaɗa. Dole mu sami ma'aunin da za mu raba kwaikwayo da yaudara, domin hukuncinmu yana taɓa abincin wasu da mutuncin wasu.

Yadda abin yake aiki

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san abin da ake hukunci a kai. Gitar mai lantarki ba ta da wani amo na kirki ita kaɗai. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ke mai da girgizar tsirkiya ta zama ƴar wuta mai rauni. Wannan wuta ita ke shiga amfili, ya ƙarfafa ta, ya miƙa wa lasifika, lasifika ta kaɗa iskar ɗaki, makirfo ya ɗauka. Kowane mataki yana canza sautin. Amfili na da, mai fitilun gilashi a ciki, in an matsa masa fiye da ƙarfinsa, sai ya dushe, ya yi wani gurnani mai kauri. Wannan gurnani shi ne abin da makaɗa ke nema ruwa a jallo.

Abin da ake kira fulogin wata ƙaramar manhaja ce da ake dasawa cikin babbar manhajar ɗaukar sauti, irin su Cubase ko FL Studio ko Pro Tools. Aikinta lissafi ne. Masana sun auna yadda kowane sashe na amfili ke amsa wutar da ta shige shi, suka mai da awon lambobi, kwamfuta kuma ta riƙa maimaita lissafin sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya buɗe ƙofar irin wannan dashe. A 1998 kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da Amp Farm. AmpliTube ta biyo baya daga Italiya a 2002, Guitar Rig daga Balin a 2004. A 2011 na'urar Kemper ta zo da dabarar sauraron amfili na gaske ta ɗauki kamanninsa, kuma a farkon shekarun 2020 manhajar Neural Amp Modeler, wadda ake samu kyauta, ta bazu tana yin irin wannan aiki da ƙirƙirarriyar basira.

Abu na biyu shi ne zanen umarni. A sutudiyon da, mai haɗa sauti yana zaune gaban allo, yana tura maɓallai da yatsunsa yayin da kaset ke juyawa. In ya kuskure, sai a koma farko. Tun shekarun 1970 aka fara ƙera allunan da ke tuna motsin hannu su maimaita shi. Yanzu kuwa layi ake zanawa a fuskar kwamfuta: nan sauti ya hau, nan ya sauka, nan gurnanin amfili ya ƙaru, nan amsa-kuwwa ta shigo. Har ila yau, makaɗi na iya ɗaukar gitar ɗinsa tsura, ba amfili, bayan wata guda ya zo ya zaɓa mata muryar da yake so. Wato kiɗa da amon kiɗa sun rabu gida biyu, kuma daga wannan rabuwa ne tambayarmu ta taso.

Ina asalin yake?

Mai cewa fulogin jabu ne yana ɗauka akwai wani asali tsarkakakke da aka kwaikwaya. Tarihi bai goyi bayansa sosai ba. Amfilin farko da Jim Marshall ya fitar a Landan a 1962, wanda a yau manhajoji ke gasar kwaikwaya, an gina shi ne bisa tsarin Bassman na kamfanin Fender na Amurka. Da yake kayan da ake samu a Ingila sun bambanta, sai amonsa ya fito daban, wannan bambanci kuma ya zama sunansa. Shi kansa gurnanin da ake yabo, da farko aibi ne da injiniyoyi ke gudu. A 1951, a birnin Memfis, amfilin Willie Kizart, makaɗin gitar a ƙungiyar Ike Turner, ya lalace a hanya, aka cusa masa takarda aka ɗauki sauti a haka. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya tsaga lasifikarsa da reza da gangan. Ashe abin da ake kira asali, kwafi ne da kuskure suka haifa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Damagaram kuma ya rasu a 1884, ya sa maƙeran garin nan sun ƙera igwa da hannunsu, bayan da aka ga irin wadda ake kawowa ta hamada. Babu wanda ya ce igwar Tanimu ƙarya ce; alfahari muke yi da ita. Algaitar da ke gaban Sarki ranar hawan salla, sunanta kaɗai ya isa shaida cewa daga ƙasashen Larabawan arewa ta gangaro. Kalangu kuwa aikinsa ke nan tun fil azal, kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, har mai ji ya gane kirarin da ake yi masa ba tare da an buɗe baki ba.

Aflatun, a littafi na goma na Jamhuriya, ya zargi mai zane da cewa hoton gadon da ya zana ya yi nisa da gaskiya hawa uku: akwai ainihin gado a tunani, akwai wanda kafinta ya sassaƙa, sannan hoton. In da ya ga fulogin, da ya ƙara hawa na huɗu. Amma Aflatun ya manta cewa ba don a kwanta a kai ake zana gado ba. Haka nan Walter Benjamin, a maƙalarsa da aka fara bugawa da Faransanci a 1936, ya nuna cewa aikin fasaha yana da wani kwarjini da ke tattare da kasancewarsa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kuma na'urar kwafi tana zubar da wannan kwarjini. Gaskiya ya faɗa. Sai dai kwarjinin ya riga ya zube tun ranar da aka fara ɗaukar muryar marigayi Ma'azu Ɗan Alalo a faifai, aka ji ta a rumfar mai shayi, nesa da ƙofar fada. Duk sautin da ya fito daga rediyo ko kaset ko wayar salula kwaikwayo ne: takarda ce ko roba ke girgiza, babu maƙogwaro a ciki. Ke nan in kwaikwayo kansa ne laifi, mun daɗe da zama masu laifi gaba ɗaya.

Wasan kara da algus

Mu mutanen Damagaram muna da misalin da ya fi na Aflatun kusa da mu, wato wasan kara, wanda Inoussa Ousseini ya ɗauka a fim a 1980. Samari su yi shigar manya, wannan ya zama shugaban ƙasa, wancan minista, wancan hafsan soja, da kayan aikin da aka haɗa da kara. Jama'a su taru, har su manyan da ake kwaikwaya su zo kallo. Babu mai cewa an yaudare shi, domin karan a fili yake. Daɗin wasan ma yana cikin sanin cewa kara ne: kamannin ya yi kusa, amma kowa ya san iyakarsa.

A ɗaya gefen kuma akwai algus. Mai sayar da hatsi ya sa busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Labarin yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da danshi a ƙasa, ya kuma yi wa mai shi faɗa, sananne ne ga duk wanda ya yi makarantar allo. Abin lura shi ne ba danshin aka hana ba, ɓoye shi aka hana; da ya sa jiƙaƙƙen a sama kowa ya gani, da ciniki ya halatta. Mai nono da ta ƙara ruwa ta faɗa, ta rage kuɗi, ba ta cuci kowa ba.

To, ga ma'aunin da nake ganin ya dace: kwaikwayo yana zama ƙarya ne idan ya sa wani ya gaskata abin da ba haka ba, a kan lamarin da zai gina hukunci a kansa, ko ya fid da kuɗinsa, ko ya ba da yabonsa. Mu gwada shi. Direban da ke jin waƙa a hanyar Damagaram Takaya zuwa Gure ba ya tambayar irin amfilin da aka yi aiki da shi. Daɗin amo ya nema, ya kuma samu, babu abin da aka ɓoye masa da ya dame shi. Amma uban ango da ya ji faifan wani yaro, ya ji gitar na gudu kamar ruwa, ya biya jika hamsin don a zo a yi masa wasa, ran biki kuma ya tarar yaron ba ya iya haɗa layi biyu ba tuntuɓe, domin a kwamfuta aka yanka aka liƙa, wannan an yi masa algus. Manhaja ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ya bambanta shi ne iƙirarin da aka yi da ita.

Akwai misali na zahiri da ke ƙara haske. A 2008 Mdou Moctar, makaɗin gitar ɗan jihar Tawa, ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar, a salon sutudiyon waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar na'ura da murya mai rawa irin ta Auto-Tune. Ita wannan manhaja ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙire ta, Andy Hildebrand, ya yi aiki a fannin binciken man fetur da girgizar sauti kafin nan. Nufinta na farko shi ne gyara kuskuren mawaƙi a ɓoye. Mutanen Kano da Sakkwato suka murɗa ta har ƙarshe, ta fito fili, ta zama ado. Waƙoƙin Anar suka bi katin waya suka zaga Sahel, har ɗaya daga ciki ta shiga tarin da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Babu wanda ya ɗauka maƙogwaron ɗan Adam ne ke wannan rawa. Wasan kara ne tsantsa. Abin mamaki a nan shi ne, inda na'ura ta fi fitowa fili, nan ne gaskiya ta fi yawa; inda ake buƙatar tsoron Allah shi ne wurin gyaran da kunne ba ya kamawa.

Magana da rubutu

Saura batun zanen umarni, wanda ya fi damun masu cewa kiɗa abu ne na nan take. Suna da hujja. Makaɗin fada yana kallon fuskar Sarki, yana jin motsin jama'a, ya tsawaita inda ya ga an ji daɗi, ya gajarta inda ya ga an gundura, ƴan amshi kuma su bi shi ba tare da an gaya musu ba. Abin da ya faru a wannan dare ba zai sake faruwa ba. Kuskurensa nasa ne, nasararsa tasa ce. Shi kuwa mai zana layi a kwamfuta yana da damar komawa sau ɗari.

Amma mu malaman harshe mun san irin wannan bambanci a cikin aji. Akwai magana, akwai rubutu. Ɗalibin da ya rubuta insha'i ya soke, ya sake, ya canza wurin sakin layi, ba ma kiransa maƙaryaci. Yabonsa muke yi, mu ne ma ke tilasta masa. Amma in a jarrabawar baka ya ɓoye takarda a hannun riga yana karantawa, sifiri ne. Faifan sutudiyo rubutu ne da sauti, dandali kuwa jarrabawar baka ce. Glenn Gould, gwanin fiyano ɗan Kanada, ya bar wasa a gaban jama'a a 1964 ya koma sutudiyo ɗungurungum, yana haɗa ɗauka da ɗauka, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Mai zanen umarni da ya san abin da yake yi, hannunsa na nan a cikin aikin. Ya dai ƙaura ne daga lokacin kiɗa zuwa lokacin nazari. Shi ya yanke cewa a kalma kaza ta mawaƙi gitar za ta lafa don a ji ma'ana, kuma wannan hukunci na kunne ne da hankali, kwamfuta ba ta yanke masa.

Duk da haka akwai haɗari a nan, kuma na tarbiyya ne. Wanda ya san babu komawa yana shiri kafin ya fara. Wanda ya san komai na gyaruwa gobe yana iya ɗage koyo har abada. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa gaskiya da amana da haƙuri cikin siffofin da ake auna mutum da su. Mun yi maganar gaskiya. Haƙuri kuwa shi ne abin da tsirkiya ke koya wa yatsa cikin shekaru, har kanta ta fito. Yaron da ya tsallake wannan mataki bai cuci mai sauraro ba tukuna, kansa ya cuta, domin ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar biki, abin da ke cikin yatsunsa kaɗai zai rage masa.

Hujjar talaka

Kada mu manta da adalci. Amfili mai fitilu yana da tsada da nauyi, ba ya son ƙura, ba ya son zafin bazara, ba ya son wutar da ke zuwa tana tafiya, kuma in fitila ta mutu samun wata a kasuwar Dole ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗakin da aka gina don ɗaukar sauti kuwa sai mai hali. Shekaru da yawa wannan ya sa yaro mai baiwa daga Mirya ko Magarya sai ya je Yamai ko Kano ko Turai kafin a ji shi da kyau. Fulogin ya rushe wannan shinge. Wanda ya ce sai da amfili na gaske kiɗa ke zama na gaske, ya sani ko bai sani ba, yana cewa gaskiya ta masu kuɗi ce. Shi Mdou Moctar ɗin ma da wayar burkin keke ya haɗa gitar ɗinsa ta farko, kuma ba a ce kiɗansa na lokacin jabu ba ne.

Sai dai amana tana da baki biyu. Yawancinmu mun san yadda ake samun waɗannan manhajoji a ƙananan sutudiyo: kwafi ne da aka ɓalle wa makulli. Mawaƙin da ke kuka cewa ana tura waƙarsa daga waya zuwa waya ba a biya shi ko dala ba, ya dace ya dubi abin da ke cikin kwamfutarsa. Da can uzurin rashin hali yana da ƙarfi. Yanzu da akwai manhajoji na kyauta masu inganci, uzurin ya yi rauni.

Abin da ya kamata mu ji tsoro

A ganina, gardamar asali da jabu ta ɗauke mana hankali daga asarori uku da suka fi ta girma.

Ta farko ita ce abincin makaɗa. Tun da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a Kano a 1990, sannu a hankali fiyanon Yamaha ya zama shi ne ƙungiyar kiɗa: mutum ɗaya ya danna maɓalli a ji sarewa, ya danna wani a ji ganga. Wurin da a da za a kira mutum shida, yanzu ɗaya ya isa. Babu ƙarya a ciki, amma akwai gidaje biyar da tukunyarsu ta ragu. Gidan makaɗa kuma in abinci ya yanke, ƴaƴa sai su kama wata sana'a, ilimin ya tsaya a kan uba.

Ta biyu ita ce kunne. Ka buɗe jerin amon da ke cikin waɗannan manhajoji, za ka tarar da amfilan Amurka da Ingila da Jamus, da ɗakunan sutudiyo da majami'u na Turai. Da wuya ka tarar da amon soron ƙasa mai kaurin bango, ko amsa-kuwwar duwatsun Birni, ko dushewar ƙaramin amfili mai batir da makaɗan Agadas ke wasa da shi a filin biki. Yaro zai zaɓa ne daga abin da aka jera masa, kuma in ya daɗe yana zaɓa, sai ya ɗauka iyakar kyau ke nan. Nan ne karin maganar dattawa ya yi gaskiya: aron ba laifi ba ne, amma wanda tufafinsa duka na aro ne, ranar da aka ce kowa ya sa na gidansu zai rasa abin fita.

Ta uku ita ce silsila. Marigayi Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker a jiharmu, malamin makaranta ne kamar mu kafin gurmi ya fito da sunansa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon gwanin biram, kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, ya zauna ya koya daga gare shi a lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Barka ya rasu a 2018. Mu ɗauka a maimakon wannan tafiya an aika injiniya ya ɗauki amon kowace tsirkiya ya zuba a manhaja. Da amon ya tsira, kowa ya iya danna shi. Amma yaushe ake kaɗa biram, wa ake kaɗa wa, me ake faɗa da shi, wane ladabi ake yi kafin a taɓa shi, duk wannan ba ya shiga lissafi. Haka kakaki: Sarki ake busa wa shi, kuma wannan haddi wani ɓangare ne na ma'anarsa. Ranar da amonsa ya zama maɓalli a fiyano, ana danna shi ga duk wanda ya yi liƙi, kunne zai ji kakaki amma abin da kakaki ke nufi ya tafi.

Abin yi

Ba na goyon bayan masu son a hana, domin ba a tare ruwan kogi da tafin hannu, kuma hanin zai faɗa ne a kan talaka. Ga abin da ke hannunmu.

A gasannin da ƙungiyoyinmu ke shiryawa, a raba rukuni biyu a fili: na wasa a dandali, inda ake auna yatsa da maƙogwaro, da na aikin sutudiyo, inda ake auna kunne da tsari. Kowanne a ba shi kyautarsa, kada a ɗauki ɗaya ƙanen ɗaya. A saba wa yara da rubuta a jikin aikinsu wanda ya kaɗa, da wanda ya haɗa, da abin da na'ura ta yi, kamar yadda muke saba musu da ambaton littafin da suka ɗauko magana. Wanda zai karɓi kuɗin biki da faifai, ya gaya wa mai biki abin da zai iya yi a tsaye.

Sannan mu juya na'urar ta yi mana aiki. Dabarar da ake ɗaukar kamannin ɗakin sutudiyo na Landan da ita, ita ce za ta ɗauki amon zaurukanmu. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou da na Lise Amadu Kuran Daga suna iya wannan, in an nuna musu hanya, an kuma nemi izinin masu wurin. A ɗauki gurmi da goge da kalangu da yardar masu su, da sunansu, da ladansu, a kuma rubuta abin da suka sani game da kayan, ba amon kaɗai ba. Abin da al'ada ta keɓe wa fada, a tambayi fada kafin a taɓa shi. Mu malaman Hausa kuma akwai aikin da ke jiranmu na samar wa wannan fanni kalmomi, domin yaron da ba ya iya bayyana aikinsa da harshen uwarsa, zai daɗe yana jin aikin ba nasa ba ne.

Daga ƙarshe, mu riƙa kai ɗalibai wurin tsofaffin makaɗa tun suna raye, su zauna a tabarma su ji yadda fata da tsirkiya ke kaɗa iska ba waya a tsakani. Wanda ya san wannan amo, in ya koma gaban kwamfuta zai san abin da yake kwaikwaya da abin da ya bari a baya, zai kuma iya faɗa wa mai sauraro gaskiya in an tambaye shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana, ya sa mu miƙa ta ga na baya ba tare da algus ba.